Ciwon Glanzmann: abin da babu a filetlet ɗinta, babu shi a jijiya da ƙashi da mabiyiya ma?

Wa'alaikumus salam Malama. Na ga tambayarki, bari in ɗan taƙaita ta saboda sauran masu karantawa. Kin ce ƙanwarki shekararta 19, tun tana ƙarama take fama da haɓo da jinin dasashi, da ta fara al'ada abin ya ƙaru har sai da aka yi mata ƙarin jini, yanzu likitocin jini sun ce ciwon Glanzmann ne. Ke kuma da yake kina karatun aikin jinya kin je kin karanta cewa furotin ɗin da babu a kan filetlet ɗinta akwai shi a bangon jijiyoyin jini da ƙashi da mabiyiya, shi ne hankalinki ya tashi, ko su ma wuraren nan sun taɓu, ga maganar aurenta da ɗan baffanku ta taso, sannan kina mamakin me ya sa likita yake jan ƙafa duk lokacin da aka yi zancen ƙara mata filetlet.

Abin da kika karanta gaskiya ne amma rabinsa. Kuma tsoron da kike ji akwai inda ya dace ki kai shi, sai dai ba wajen ƙashi da jijiyarta ba, wajen ƙarin jini da ciki ne, kuma nan ne zan fi daɗewa.

Mu fara da shi kansa abin da ya ɓace. Filetlet ƙananan ƙwayoyi ne da ake yi a ɓargo, mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 400,000 a kowane maikirolita na jini, suna yin kwana 7 zuwa 10 su mutu a yi sabbi. Idan jijiya ta fashe su ne suke fara zuwa su manne a wurin, sannan su riƙe juna su toshe kafar. To riƙe junan nan da wani furotin suke yinsa da ke fatarsu, a littafinku za ki ga an rubuta GPIIb/IIIa, ko kuma alfa-IIb beta-3, kowane filetlet ɗaya yana ɗauke da kusan 80,000. Shi ne yake kama fibirinojin, wani furotin na daskarar da jini da ke yawo a cikinsa, filetlet na nan ya kama baki ɗaya, na can ya kama ɗayan bakin, a haka suke dunƙulewa. Mai Glanzmann ba shi da wannan furotin ɗin, ko yana da ɗan kaɗan, ko yana da shi amma ba ya aiki. Shi ya sa za a yi mata gwajin ƙidayar jini a Sabon Gari ko Tudun Wada a ga filetlet 250,000 cif, a ce ai lafiyarta ƙalau, a sallame ta da maganin ƙarin jini, alhali yawansu ba shi ne matsalar ba. Wani likitan yara ɗan ƙasar Suwizalan, Eduard Glanzmann, shi ya fara bayyana ciwon a 1918, amma sai a 1974 Nurden da Caen a Faransa suka nuna cewa furotin ne ya ɓace daga fatar filetlet.

Yanzu ga gaɓar tambayarki. Furotin ɗin nan ba guda ɗaya ba ne, biyu ne aka haɗa, alfa-IIb da beta-3, kowanne da ƙwayar gadon da take ƙera shi, ITGA2B da ITGB3, duka biyun a kan kuromozom na 17. Ki ɗauke su kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya, in ɗaya ya faɗi huɗa ta tsaya ko da ɗayan lafiyarsa lau. Amma shanun nan biyu halinsu ba ɗaya ba ne. Alfa-IIb ba ya aiki ko'ina sai a gonar filetlet, kuma ba shi da abokin karkiya sai beta-3. Shi kuwa beta-3 ana ɗaura shi da wani san daban mai suna alfa-v, su tafi wasu gonakin. Wannan haɗin na biyu, alfa-v beta-3, shi ne wanda yake kan ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini, da ƙwayoyin da suke cinye tsohon ƙashi don a gina sabo, da tsokar bangon jijiya, da fuskar mabiyiya da ke taɓa jinin uwa. A kan filetlet ma akwai shi amma ɗan kaɗan ne sosai, bai fi ɗari ko ƙasa da haka ba, ki kwatanta da 80,000 ɗin can.

Kin ga kenan amsar ta rabu biyu. In matsalar ƙanwarki a ITGA2B take, babu abin da ya taɓa jijiyarta ko ƙashinta, beta-3 ɗinta lafiyayye ne yana can yana aikinsa da alfa-v. In kuwa a ITGB3 take, to a mafi yawan lokuta alfa-v beta-3 ma ba zai samu ba, a filetlet da sauran wuraren gaba ɗaya.

Wannan abu ya rikita masana a shekarun 1980, don lokacin an ɗauka furotin ɗin filetlet ne sak yake kan jijiya. A 1987 wasu masu bincike a Holan suka ɗauki ƙwayoyin jijiyar cibiyar wani jariri mai Glanzmann suka raina su a ɗakin gwaji, suka ga abin yana nan daram a jijiyar duk da babu shi a filetlet ɗin yaron. Daga baya aka gane dalili. A 1991 Barry Coller da abokan aikinsa suka duba masu ciwon a Isra'ila inda yake da yawa a cikin al'umma biyu, Yahudawa 'yan asalin Iraƙi da kuma Larabawa, a asibiti ba za ki iya bambance su ba, haɓo ɗaya, jinin al'ada ɗaya, amma da aka auna alfa-v beta-3 sai aka ga 'yan Iraƙin ba su da shi saboda nasu lahanin a beta-3 yake, Larabawan kuwa suna da shi, wasu ma ya fi na mai lafiya yawa, don nasu a alfa-IIb yake.

To in ya zama nata na beta-3 ne fa, ƙashinta zai lalace? Nan ne nake so ki kwantar da hankalinki. An yi ɓeraye a ɗakin gwaji da aka cire musu beta-3 gaba ɗaya, an wallafa aikin a 1999, suna zubar jini irin na Glanzmann, an ga matsalar mabiyiya a wasunsu, daga baya kuma aka ga da suka tsufa ƙashinsu ya yi kauri fiye da ƙa'ida don masu cinye tsohon ƙashin ba sa aiki sosai. Ina zaton irin wannan kika ci karo da shi. Amma a mutane, an daɗe ana bin waɗanda ba su da beta-3 tun haihuwa, jijiyoyinsu sun ginu daidai, suna girma, suna haihuwa, kuma ba a ga wani ciwon ƙashi ko na jijiya da ya zama alamarsu ba, zubar jininsu ma ba za ki ce ta fi ta masu alfa-IIb tsanani ba. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne akwai wasu furotin 'yan'uwansa, kamar alfa-v beta-5, da suke ɗauke nauyin a waɗancan wuraren, a filetlet ne kaɗai babu mai maye gurbi. Saboda haka ni ba zan tura ta hoton ƙashi ko na jijiya ba don kawai tana da Glanzmann, kuɗin nan a ajiye shi akwai inda zai fi amfani.

Inda maganar antijin, wato alamar da garkuwar jiki take gane nata da baƙo da ita, take da haƙora shi ne nan. Garkuwar jikin mutum tana koyon abin da yake nata ne tun yana ciki, duk abin da ba ta taɓa gani ba baƙo ne a wurinta. Jikin ƙanwarki, in dai irin nata shi ne wanda furotin ɗin bai kai kashi 5 cikin 100 ba, bai taɓa ganin alfa-IIb beta-3 ba. Ranar da aka ɗaura mata ledar filetlet na wani, an zuba mata biliyoyin ƙwayoyi kowacce ɗauke da dubban abin da jikinta bai sani ba. Karon farko zai yi aiki jini ya tsaya, kowa ya yi hamdala. Amma jikin zai iya ƙera antibodi, wato makamin garkuwa na yaƙar baƙo, a kan furotin ɗin, kuma in ya ƙera, ledar gaba tana shiga za a kama filetlet ɗin a lalata su ko a toshe musu bakin kamun, ki ga an ƙara leda biyu uku jini bai ko rage ba. Kuma babu mai bayar da jinin da za a nemo wanda zai dace, tunda duk mai lafiya yana da furotin ɗin. Ba kowa ne yake ƙera antibodin ba, wasu an ƙara musu sau da yawa shiru, amma babu mai iya gaya miki tun farko wace ce za ta ƙera. Jan ƙafar likitanta kenan, yana adana mata filetlet ɗin ne don ranar haihuwa ko tiyata ko haɗari, kuma ni ina bayansa ɗari bisa ɗari.

Akwai hanya ta biyu kuma da jiki yake ƙin filetlet, wadda ita ma ta shafi tambayarki kai tsaye. Filetlet suna ɗauke da antijin da ba nasu su kaɗai ba ne, akwai na rukunin jini A da B, akwai kuma HLA wanda yake kan kusan duk ƙwayoyin jiki musamman fararen ƙwayoyin jini. Fararen ƙwayoyin da suke biyo ledar jini su ne suka fi tayar da antibodin HLA, daga baya antibodin ya huce a kan filetlet. Shi ya sa a inda ake da hali ake tace fararen ƙwayoyin kafin a ƙara. Mu kuma a nan abin da aka fi samu cikin gaggawa shi ne jini sukutum, ɗan'uwa ya kwanta a ɗiba a kawo, cikinsa akwai jajaye da farare da filetlet duka. Ko ledar jajayen ƙwayoyi zalla ma tana da ɓurɓushin filetlet da zai iya tayar da garkuwa. Don haka ƙarin jinin da aka yi mata a baya yana cikin lissafi, ki gaya wa likita sau nawa ne da wane iri.

Wani abu da nake roƙonki ki riƙe, don a garin nan shi ne abin da ake yi da zuciya ɗaya: kar mijinta ya ba ta jini. Mace ta kwanta, a ce ina mijin, ya naɗe hannun riga, kowa ya yaba masa. Amma antijin ɗin da ke jininsa su ne 'ya'yansu za su gada, in jikinta ya koyi ƙinsu daga jininsa to ya koyi ƙin na ɗan da za ta ɗauka. A nemi wani ya bayar a madadinsa.

Mu zo kan ciki. Ɗan da za ta haifa, in ubansa ya ba shi lafiyayyar ƙwayar gado, filetlet ɗinsa za su ɗauki furotin ɗin kamar rabin na kowa, kuma rabin ya ishe shi rayuwa lafiya. Amma a wurin jikin uwarsa furotin ɗin baƙo ne. In tana da antibodi daga ƙarin jinin baya, ko cikin ne da kansa ya tayar da shi, antibodin yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri ya cinye masa filetlet, a haife shi da ɗigo-ɗigon jini a fata, mafi muni kuma jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa tun kafin naƙuda. Irin wannan yana faruwa har ga matan da ba su da Glanzmann, kuma daga can ne aka koyi abu da yawa. A kan beta-3 akwai wani antijin mai suna HPA-1a, bambancin mai shi da marar shi amino asid ɗaya ne tak a gurbi na 33, Peter Newman da abokansa suka gano haka a 1989. Kusan kashi 2 cikin 100 na Turawa ba su da shi, kuma a cikinsu shi ne babban dalilin wannan ciwon na jarirai, yana iya kama cikin fari ma, saɓanin matsalar rukunin jini na Rh da kika sani. Tun 1978 Kunicki da Aster suka nuna cewa filetlet na masu Glanzmann ba su da wannan antijin ɗin, da haka ma aka gane inda yake zaune. To tunda beta-3 yana kan jijiyoyin jariri da mabiyiya, HPA-1a ma yana can. Likitoci sun daɗe suna lura cewa wani jaririn filetlet ɗinsa sun yi ƙasa matuƙa amma ƙwaƙwalwa lafiya, wani kuma jini ya zuba, har a 2016 wani bincike daga Jamus ya nuna cewa uwayen da jariransu suka yi zubar jini a ƙwaƙwalwa sun fi ɗauke da nau'in antibodin da yake kama alfa-v beta-3 na jijiya, yana raunana ƙwayoyin da ke gina ta. Wato haɗarin zaman beta-3 a jijiya ba a jijiyar ƙanwarki yake ba, a jijiyar ɗanta yake in ta ƙera antibodi. Wannan shi ne dalilin da ya sa sanin wane ɓangare ne ya lalace yake da amfani a wurina, duk da maganin haɓonta ɗaya ne ko wanne ne.

Ta yaya ake sani? Gwajin da ake cewa fulo saitometiri yana auna CD41, wato alfa-IIb, da CD61, wato beta-3, amma kar ki yi tsammanin zai nuna ɗaya babu ɗaya akwai, yawanci duka biyun za ki ga sun faɗi, don wanda bai samu abokin haɗi ba tun a ɓargo ake rushe shi. Sai an auna alfa-v beta-3 daban ko an karanta ƙwayar gadon kanta, wannan kuma yawanci tura samfur ake yi, ki tambayi likitocin jini na asibitin koyarwa da ke Shika su gaya miki hanya da kuɗinsa. Amma akwai tsofaffin gwaje-gwaje biyu da nake so ke da kanki ki gani da idonki tunda kina cikin harkar. A soki yatsa a shafa jinin kai tsaye a gilashi ba tare da ya shiga kwalbar hana daskarewa ba, a rina a duba, na mai lafiya za ki ga filetlet sun taru gungu-gungu musamman can wajen wutsiyar shafin, nata kuwa za ki gan su a warwatse ɗai-ɗai kowanne yana zaman kansa, girmansu daidai, yawansu daidai. Na biyu a zuba jini a bututun gilashi a ajiye a ɗumin digiri 37, bayan awa ɗaya zuwa biyu gudan jinin mai lafiya zai tsuke ya janye daga jikin gilashin, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya fito gefe, nata in mai tsananin ne zai zauna yadda yake ya cika bututun bai motsa ba, don tsukewar ma da wannan furotin ɗin ake yinta.

Akwai wani antijin da ya fi HPA-1a shafarmu mu baƙar fata kuma littattafan da ake koyar da ku ba sa ba shi wuri sosai, CD36, wasu su ce GPIV. Yana kan filetlet, da monosait (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini), da ƙananan jijiyoyi, da jajayen ƙwayoyi tun suna 'yan tayi a ɓargo, kuma shi ne ɗaya daga wuraren da jan ƙwayar da maleriya ta shiga take maƙalewa. Rashinsa ya fi yawa a Afirka da gabashin Asiya, a Turawa da ƙyar ake gani. Iri biyu ne, wani babu shi a filetlet kaɗai, wani babu a filetlet da monosait duka. Ba ya sa zubar jini a karan kansa, mutum zai rayu bai ma sani ba, amma masu iri na biyun nan in aka ƙara musu jini ko mace ta yi ciki za su iya ƙera antibodi, filetlet ɗin da aka ƙara su ƙi zama, ko jariri ya zo da ƙarancin filetlet har da ƙarancin jini da kumburi tunda jajayen ƙwayoyinsa ma abin ya shafa. Duk lokacin da aka ce mini mace a nan ta haifi jarirai a jere masu ƙarancin filetlet ita kuma nata lafiya, ina sa CD36 a lissafi.

Sauran cututtukan filetlet na gado zan wuce su da sauri, amfaninsu a nan shi ne ki san lokacin da za a ce anya Glanzmann ne kuwa. Bernard-Soulier, wanda likitoci biyu na Faransa suka bayyana a 1948, wani furotin ne daban ya ɓace, GPIb-IX-V, filetlet manya-manya kuma kaɗan, shi aikinsa kusan a filetlet ya tsaya, kuma sau da yawa ana ɗaukarsa ciwon da garkuwa ke cin filetlet a yi ta ba yaro sitiroyid a banza. Akwai wanda yake kama da Glanzmann sak wajen zubar jini amma yaron yana ta fama da ƙuraje masu ruɓa da ciwon huhu, fararen ƙwayoyinsa sun yi sama sosai, wannan LAD-III ne, furotin ɗin yana nan amma kindilin-3 da yake kunna shi ne babu, kuma da shi fararen ƙwayoyi da masu cin ƙashi ma suke aiki, a nan kam ƙashi yana iya taɓuwa da gaske. Lahanin MYH9 yana zuwa da manyan filetlet tare da raunin ji ko ciwon ƙoda ko yanar ido. Hermansky-Pudlak zabiyanci ne da zubar jini, ko da yake yawancin zabiyan da muke gani ba su da wata matsalar jini. Wiskott-Aldrich kuma na yara maza ne, ƙananan filetlet da kircin fata da yawan kamuwa da cuta. Ƙanwarki ta kai 19 ba ki ambaci ko ɗaya cikin waɗannan ba, wannan ya ƙara mini natsuwa da abin da likitocinta suka faɗa.

Maganar aure da ɗan baffa, zan faɗa miki ita yadda take ba don in hana ba. Gadon Glanzmann irin na sikila ne, sai an karɓa daga uwa da uba duka, kenan Baba da Mama kowanne yana ɗauke da rabi ba tare da ya sani ba. Tunda Baba yana ɗauke da shi, akwai yiwuwar ɗan'uwansa ma yana da shi, ɗansa ma haka. In mijin yana ɗauke da rabin, kowane ciki rabi da rabi ne, ko yaro mai ciwon ko mai ɗauke da shi. In ba ya ɗauke da shi, babu ɗan da zai yi ciwon, duk za su zama masu ɗauke da rabi lafiyayyu. Gwajin jinotayif da ake yi kafin ɗaurin aure bai ganin wannan ko kaɗan, AA da AA za su iya haifar mai Glanzmann. Shi ya sa ciwon da a duniya ake lissafa shi kamar mutum ɗaya cikin miliyan yake taruwa a inda auren zumunci ya yi yawa, kudancin Indiya, Iran, ƙasashen Larabawa. A auna angon, mai ɗauke da rabi furotin ɗinsa yana fitowa wajen rabin na kowa, in an san lahanin gidanku a ƙwayar gado kuma nemansa a jininsa ya fi tabbas. Ke ma da sauran ƙannenki ya kamata ku sani. Ki samu Mama ku zauna tukuna kafin magana ta je zauren maza, kuma shi angon a gaya masa gaskiyar ciwon tun yanzu, don shi ne zai ɗauko ta cikin dare in jini ya ɓalle.

Duk abin da za a yi mata yau da gobe manufarsa ɗaya ce, kar ta kai ga buƙatar leda. Jinin al'ada shi ne babban mai kai su gadon asibiti, ana riƙe shi da taranizamik asid a kwanakin al'ada da magungunan homon da likitan mata zai zaɓa mata, kuma a cika mata sinadarin ayon, wato ƙarfen da ake gina jini da shi, tun kafin ta ɗashe, in ƙwaya ba ta isa ba akwai na jijiya. Babu asfirin, babu ibuprofen, babu diclofenac, kuma ki duba irin haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullowa a leda a kemis don kusan kullum akwai ɗayansu a ciki, farasitamol ya ishe ta. Allurar ɗuwawu a guje ta. Ƙaho, tsaga, cire beli, duk aikin wanzami babu, kuma in Allah ya ba ta ɗa namiji kar a yi kaciya sai an duba jininsa. Lokacin hunturu da hancin kowa ke bushewa ta riƙa shafa ɗan basilin a cikin hanci safe da dare, in haɓon ya zo ta zauna ta sunkuyar da kai gaba, a matse wurin taushin hanci minti 15 cur ba ɗagawa ana leƙawa, in akwai ruwan allurar taranizamik a jiƙa auduga da shi a sa. Ɗaga kai sama da ake sa yara haɗiye jinin kawai yake sa su yi. Haƙora kuma ta kula da su da buroshi mai laushi, dasashin da ba shi da datti ba ya yawan jini, cire haƙori kuwa sai da shiri.

In ta ƙera antibodin ma ba a rasa abin yi ba, akwai allurar fakta VIIa da ake sayarwa da sunan NovoSeven, tana tsayar da jini ba tare da filetlet na wani ba, sai dai tsada gare ta sosai kuma ba a samunta da an tashi nema, shi ya sa ake tanadinta tun ciki yana ƙarami. Dashen ɓargo yana warkar da ciwon don filetlet daga ɓargo suke, jijiyoyinta za su ci gaba da zama yadda aka haife ta da su amma zubar jinin ta tsaya, wannan ma ya ƙara nuna miki inda ciwon yake zaune. Ana ajiye shi ne ga masu tsanani sosai saboda haɗarinsa.

Haihuwa kuwa a gida ko a ƙaramin asibitin unguwa ba zancenta ba ne, daga Kofar Doka ko Samaru kuke awonta ya zama inda likitan jini da na mata da na jarirai suke wuri ɗaya, ba a yi mata allurar kashin baya, a guji jan kan jariri da na'ura, a ƙidaya filetlet ɗinsa ranar da aka haife shi, ita kuma a ci gaba da sa mata ido har bayan suna da makonni don jinin biƙinsu yana iya ɓallewa a makare, lokacin da kowa ya saki jiki ana wankan jego.

Zuwanku asibiti na gaba ki tafi da tambaya uku a rubuce: kashi nawa ne na furotin ɗin ya rage mata, an taɓa duba mata antibodin filetlet da na HLA tun bayan ƙarin jinin nan, kuma ina za a auna angon. Ki sa a rubuta mata kati mai sunan ciwon da rukunin jininta da lambar likitanta ya zauna a jakarta, hotonsa kuma a wayarki da ta mijin. Allah ya ba ta lafiya, ya sa a yi taro lafiya.